Harajin Da Ba A Soke Ba

A shekarar 1979, sa'ad da Alhaji Balarabe Musa ya hau kujerar Gwamnan Jihar Kaduna, cikin abubuwan da ya fara yi wa talaka har da soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Dattawanmu na Jama'a da Samaru da Sabon Gari ba su manta ba, domin su suka san zafin a tare mutum a bakin kasuwa a ce ya fito da takardar haraji, in ba shi da ita a tasa ƙeyarsa. To, amma fa akwai haraji guda da ya rage, wanda har yau ba a sami mai soke shi ba. Shi wannan ba ya bukatar dagaci ko ɗan doka. Mutum da ƙafarsa ya ke kai shi gaban mai tebur sau goma a yini, har ya yi godiya in an ƙyasta masa ashana. Harajin taba ke nan.

Ku yi lissafi da kanku, ai ku 'yan kasuwa ne. A ce karan sigari naira 50 ne, mutum kuma yana shan kara 10 a yini. Naira 500 ke nan kullum, 15,000 a wata, 182,500 a shekara. Mafi ƙanƙantar albashin da Gwamnatin Tarayya ta yanke a 2024 naira 70,000 ne, wanda ɗan dako da ɗan acaba da mai tura ruwa ma sai dai su ji labarinsa a rediyo. Ashe fiye da kashi ɗaya cikin biyar na wannan albashi hayaƙi ne. Saboda haka ba mu yi mamaki ba da mu ke jin 'yan'uwa a kasuwar Sabon Gari da ta Samaru da wajen Kwangila suna cewa sun yar da taba. Wasu tari ya kore su, wasu tsadar masara. Ko wanne ne dai, mun yi murna. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne abin da ke biyo baya. Mutum ya rantse ran Jumma'a, kafin Talata sai ka gan shi bayan rumfa yana zuƙa a ɓoye, kai a sunkuye, abokai suna yi masa dariya wai ba shi da zuciya. Wannan dariya zalunci ce, kuma rashin sani ya kawo ta.

Ga yadda abin ya ke. A cikin ganyen taba akwai wani sinadari da likitoci ke kira nikotin. In mutum ya zuƙi hayaƙi, kafin ya ƙirga ashirin nikotin ya kai ƙwaƙwalwa, ya taɓa wurin da jin daɗi ke fitowa. Mai shan kara 10, ko wane kara zuƙa 10, ya yi wa ƙwaƙwalwarsa haka sau 100 a yini, shekara da shekaru. Ita kuwa sai ta sake shiri, ta ƙara ƙofofin karɓar wannan baƙo, har ta kai ba ta zama daidai sai da shi. Shi kuma baƙon ba ya daɗewa, cikin kamar awa 2 rabinsa ya fita daga jini. Shi ya sa mashayi ya kan fara hamma da ɓacin rai in ya ɗan jima bai sha ba, shi ya sa kuma karan farko na safe ya fi ko wanne daɗi. Da ya ke cewa taba tana kwantar masa da hankali, gaskiya ya faɗa, sai dai bai ƙarasa ba. Hankalin nan da ta kwantar, ita ta tayar da shi tun farko. Kamar mai ba da bashi da ruwa ne, wanda zai ranta maka yau don ka biya shi na jiya, kai kuma kana ta sa masa albarka.

To, ran da mutum ya ce ya daina biya, ran nan mai bashi zai zo ƙofar gida da hayaniya. Tun yinin farko ƙawar taba za ta taso. Kwana na biyu da na uku su ne kan tudu, nan abin ya kan kai maƙura. Mutum ya ji ransa a ƙuntace ba dalili. Mai saye ya taya kaya, shi ya ji kamar an zagi iyayensa. Lissafi ya riƙa kufce masa, ya ba da canji sau biyu ko ya manta bai bayar ba. Da dare barci ya ƙi zuwa, in ya zo ya zo da mafarkai barkatai. Wani ya yi ciwon kai, wani cikinsa ya ɗaure, wani ko ci ya buɗe masa har matar gida ta fara kallon tukunya. Akwai wanda zai wayi gari yana raha, kafin azahar hawaye na neman zubo masa, shi kansa bai san abin da aka yi masa ba. Har tari ya kan ƙaru a makonnin farko, sai ka ji wani ya ce, "Ka gani ko? Da kana sha ba ka tari haka." Alhali ƙirji ne ya sami sarari, ya fara share dattin shekaru.

Duk wannan sananne ne a wurin likitoci, yana kuma da iyaka. Bayan mako guda ya kan fara sauka, cikin mako 2 zuwa 4 galibinsa ya wuce, yawan ci ne ya kan ɗan daɗe. Ita ƙawar kanta ba ta zama yini guda cur. Zuwa ta ke kamar guguwar bazara, ta taso ta murɗa, cikin 'yan mintoci ta wuce, an sha ko ba a sha ba. Wannan mu ke so ko wane mai barin taba ya riƙe da kyau: ko bai sha ba za ta wuce. Galibin masu komawa a makon farko su ke komawa, domin suna zaton yadda su ke ji a kwana na uku haka za su dawwama. Da an gaya musu cewa sun riga sun hau kan tudun, saura gangara, da yawansu da sun daure.

Kuma kada kowa ya raina wannan aiki. Masu bincike sun ƙirga, sun ga cikin mutum 100 da suka yunƙura su bari su kaɗai, ba magani ba mataimaki, 3 zuwa 5 ne kawai kan kai wata 6 ko shekara ba su koma ba. Shin sauran duk ragwaye ne? Haba! Cikin irinsu akwai mai sauke buhun masara daga mota tun safe har la'asar bai ce wash ba. Ƙarfin zuciya suna da shi. Abin da suka rasa sani ne da 'yan'uwa.

Hujjarmu kuwa tana nan a gida. Ko wace shekara, cikin watan azumi, mashayi ya kan yi awa 13 ko fiye bai kunna sigari ba, kwana 29 ko 30 a jere. Yaya aka yi ya iya? Domin ya yanke a ransa cewa babu hanya, kuma duk wanda ke kewaye da shi hali ɗaya su ke ciki, ba mai miƙo masa kara. Abin da ke ɓata masa aiki shi ne wanda ya ke kunnawa bayan shan ruwa, wanda kullum ya kan mai da shi inda ya faro. 'Yan'uwanmu Kirista na Sabon Gari su ma sun san azumi, sun san wannan magana. Ƙawar taba ba ta daɗewa a ƙofar da aka kulle. Wadda aka sakaya ta ke so. Duk wanda ya ce "kara ɗaya ne kawai, don in sami barci", ya sakaya ƙofa.

To, mutum ya yi me a cikin 'yan mintocin nan? Da farko ya san 'yan rakiyar ƙawa, domin ba ta zuwa ita kaɗai. Tana tare da shayin safe a bencin mai shayi, tana tare da wanke hannu bayan tuwo, da jiran fasinja, da majalisar bayan isha'i inda kowa ke kunnawa. Na mako biyu sai a sauya musu tsari. Mai shan shayi a tebur ya sha a gida. Wanda ya gama cin abinci ya tashi nan take, kada ya zauna a inda ya saba kunnawa. In ta taso, ya ce wa ransa sai bayan minti 10, ya sha ruwa moɗa guda a hankali, ko ya yi alwala, ko ya bar wa maƙwabci rumfa ya zaga layin 'yan hatsi da sauri ya dawo, gama an gwada an ga tafiyar sauri tana rage ƙawa. Baki da hannu su ma sun saba da aiki, sai a ba su wani. Aswaki ya fi kome araha. Akwai gyaɗa da aya da karas, ga kuma rake, wanda Allah Ya hore mana daga Maƙarfi da Kudan, sai dai mai ciwon sukari ya yi hankali da shi. Ashana da kwalin da ya rage a aljihun tsohuwar riga kuwa, a fitar da su tun daren da za a fara.

Akwai wani tarko da mutanenmu ke faɗawa fiye da na ko'ina, watau goro. Da mutum ya bar taba, abin da ya fi kusa da hannunsa goro ne, sai ya riƙa ci ɓari bayan ɓari, ya bi da shayi mai kauri ko Nescafé. Ga abin da bai sani ba. Abin da ke hana barci a cikin goro shi ne ke cikin shayi da kofi, hayaƙin taba kuwa yana sa hanta ta kore shi daga jiki da sauri. Sa'ad da hayaƙi ya tsaya, sai hanta ta koma tafiyarta ta asali, goron da mutum ya saba ci a da ya zauna lafiya yanzu ya daɗe a jini, ƙarfinsa ya kusa ninkawa. In kuma ya ƙara yawan da ya ke ci, to, ga faɗuwar gaba, ga rawar hannu, ga ido biyu har asuba. Sai ya ce rashin taba ne zai haukata shi, ya koma mata, alhali goro ne ya yi masa rabin aikin. 'Yan goro su yi mana haƙuri, ba mu ce a daina ba. Mun ce mai barin taba ya rage nasa zuwa rabi, bayan la'asar kuma ya bar shi sai gobe.

Wanda ya bar sigari ya koma taba gari ko shisha kuwa, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago, gama taba ce dai ta sake riga. Balle mai neman kwanciyar rai a ƙwaya ko maganin tari mai kodin, wanda ɓarnarsa ta sa Gwamnati ta hana shi a 2018.

Yanzu maganar gida, wadda ita ta fi damun mu. Zafin ran mai barin taba ba a kan kamfani ya ke sauka ba, a kan uwargida da yara da yaron shago ya ke sauka. Muna roƙon iyayenmu mata, in maigida ya faɗa muku ya bar taba, ku san cewa na kwana 10 ko mako 2 wani baƙo ne a gidan, kada ku biye masa, kada kuma wata ta ce, "Malam, je ka sha abarka mu huta." Kalmar nan ta mai da mutane da yawa. Amma fa mu ji da kyau, maza. Ƙawar taba ba takardar izinin zagi ko duka ba ce. Mu da mu ke alfahari da Hajiya Gambo Sawaba, 'yar Sabon Garin nan da ta sha ɗauri sau da dama don a daina wulaƙanta mata da talakawa, ba za mu ba wa namiji uzuri ya huce haushin sigari a kan matarsa ba. Ka faɗa wa iyalinka tun kafin ranar, ka nemi afuwa tun gaba. In ka ji abin ya taso, fita waje. Cikin makonni biyun nan kada ka yanke wani babban hukunci. Kada ka furta saki, kada ka kori yaro, kada ka raba jari da abokin ciniki. Abin da ya yi kama da cin mutunci a kwana na uku, a kwana na ashirin za ka ga ba kome ba ne.

In kuwa baƙin ciki ya yi nauyi, ya wuce makonni bai sauka ba, ko mutum ya fara jin duniyar ta ishe shi, wannan ya wuce na majalisa, a kai shi ga likita, ga asibitin koyarwa nan a Shika. Haka mai shan maganin taɓin hankali ko wani maganin asma, ya gaya wa likitansa ya bar taba, domin yadda hayaƙi ke korar ƙarfin goro haka ya ke yi wa waɗansu magunguna, wataƙila sai an rage awo. Ga kuma albishir. A 2014 waɗansu masana a Ingila suka tattara bincike 26, suka ga waɗanda suka bar taba, bayan mako 6 zuwa sama, damuwa da baƙin ciki sun ragu gare su fiye da waɗanda suka ci gaba da sha.

Sai ku masu tebur. Mun san da yawanku 'yan jam'iyyar nan ne, mun kuma san ribar kara-kara tana cikin abin da ke ɗora tukunya a gidajenku. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Ba za mu kira muku 'yan sanda ba, gama mun san yadda doka ta kan tsallake mai mota ta faɗa kan mai faranti. Abin da mu ke nema kaɗan ne. Wanda ya faɗa a gabanka cewa ya bari, in ya dawo a kwana na uku ido ja, kada ka ba shi bashi, kada ka ce "karɓi wannan kyauta". Miƙa masa gyaɗa, ka ja shi da hira minti 10. Yara kuwa, ko aike ne, ku daina ba su. Kai ma abokin majalisa mai miƙo kara kana cewa "a gani in da gaske ka ke", ka sani aikin ɗan karen mai bashi ka ke yi, ba ko kwabo.

Kada kuma a ce mana talaka shi ya jawo wa kansa, shi zai fitar da kansa. A 1950, shekarar da aka kafa NEPU a Kano, masana biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka buga binciken da ya nuna dangantakar sigari da ciwon dajin huhu. Shekara 9 bayan haka, a 1959, Kamfanin Taba na Nijeriya ya buɗe masana'anta a nan Zariya. Manyan likitocin Ingila suka fitar da rahoton gargaɗi a 1962, Gwamnatin Amurka ta fitar da nata a 1964, mu kuwa manomanmu suna ta noma wa kamfani ganye, shi ke tantance daraja, shi ke faɗin farashi, a naɗe a sayar wa 'ya'yansu. Can an sani, nan ba a faɗa ba. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 ko wace shekara, ƙirgar da aka yi a ƙasar nan a 2012 kuma ta sami manya miliyan 4 da rabi masu amfani da ita.

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005. An yi doka a 2015, aka kafa asusun yaƙi da taba a cikinta. A 2018 aka ƙara harajin ko wane kara, wanda a ƙarshe daga aljihun mashayi ya ke fita. A Disamba 2023 hukumar Tarayya mai kare haƙƙin masu saye ta sanar da tarar dala miliyan 110 a kan kamfanin British American Tobacco. Madalla. To, muna tambaya, cikin wannan dukiya nawa ne ya dawo wurin mutumin da ke rawar jiki a kwana na uku a layin 'yan tumatir? Akwai cingam na nikotin, akwai filasta da a ke liƙawa a fata, waɗanda ke ba jiki nikotin kaɗan-kaɗan ba tare da hayaƙi ba har a yaye shi, gama hayaƙin da kwaltar da ke cikinsa su ne manyan makasa, nikotin igiyar ɗaurewa ne. An tabbatar suna ƙara wa mutum damar cin nasara da kamar rabi, tun 2009 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin magungunan da ya wajaba ko wace ƙasa ta tanada. Wanda ya karɓi harajin ciwo, wajibinsa ne ya kawo maganin. Muna neman a ajiye waɗannan a ƙananan asibitocin unguwa na Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, kyauta ko da kuɗi kaɗan, a kuma horar da ma'aikaci ko guda a ko wanne wanda zai zauna da mai barin taba ya gaya masa abin da muka faɗa a nan. Duk kansila ko ɗan majalisa da ya zo neman ƙuri'a a Jama'a ko Samaru, ku sa masa wannan cikin tambayoyinku.

Kafin su amsa, mu ba za mu zauna jira ba. Muna shawartar ko wane reshe, a taronsa na gaba, shugaba ya tambaya ko akwai mai niyyar bari. Wanda ya ɗaga hannu ya faɗi ranarsa a gaban jama'a, a haɗa shi da ɗan'uwa guda, in da hali wanda shi ma ya taɓa sha ya bari, su karɓi lambar wayar juna. Kuɗin da ya saba kai wa mai tebur ya riƙa zuba shi a asusu ko adashi ko wace yamma, don ya ga abin da idonsa. In ya zame ya sha kara ɗaya, kada a yi masa dariya, kada shi ma ya ce tun da an jiƙe bari a yi wanka. Galibin waɗanda suka rabu da ita sai da suka gwada fiye da sau ɗaya. Ya duba abin da ya kayar da shi, ko majalisa ce ko goro ko faɗan gida, ya jefar da sauran kwalin a daren nan, abokin nasa kuma ya zo masa da safe. A kwana na biyu da na uku kuwa, abokin kada ya tsaya a waya. Ya je rumfar da kansa bayan azahar, ya zauna har a tashi kasuwa, ya raka shi gida ta hanyar da ba ta bi ta gaban mai tebur ba.